Layi Ɗaya, George Biyu

Shekara talatin da huɗu na yi ina raba wasiƙu a Portgarvie, kuma ban taɓa jefa wasiƙar wani a ƙofar wani ba. Wanda bai san garinmu ba zai ce wannan me ye abin taƙama a ciki. To, ya zo ya gwada mako ɗaya. Gida ɗari uku ne a bakin teku, nan arewa maso gabashin Scotland, kusan ɗari biyu daga ciki sunansu Pirie. Ni ma Pirie aka haife ni, Pirie na aura, ko wahalar canza sa hannu ban sha ba. A layin bayan tashar jirage kaɗai Alexander Pirie biyar ne.

Shi ya sa ba ma kiran kowa da sunan takarda. Kowane gida da inkiyarsa tun kaka da kakanni. Akwai gidan Kaguwa, akwai gidan Fitila, akwai gidan Ƙugiya, akwai gidan Sarki waɗanda ko kaji ba su taɓa mulka ba. Mu gidan Buta ne, kada a tambaye ni dalili. Ishbel Buta, haka ake kirana.

A kan tudun da ke kallon tashar jirage akwai dutsen tunawa da mazanmu da yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka cinye. Suna arba'in da biyu ne a jiki, ashirin da shida Pirie. Yawancinsu masunta ne da sojan ruwa suka ɗauka har da jiragensu, aka sa su sharar nakiya a teku, don haka kaɗan ne a cikinsu ke da kabari. Duk Lahadi ta biyu a watan Nuwamba mukan taru a gindin dutsen da jan fure a ƙirji. A yi shiru na minti biyu, sannan kyaftin mafi tsufa a gari ya karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. In ya kira suna, 'yan gidan mamacin su amsa, "Namu ne."

Abu ne mai daɗin ji, har sai an zo kan George Pirie.

George Pirie biyu ne suka mutu rana ɗaya, a jirgi ɗaya, cikin Maris na 1941. Mu Dod muke ce wa mai suna George, don haka Dod Kaguwa ne da Dod Fitila. Sa'annin juna, ƙofarsu na kallon juna, matsayinsu ɗaya a aikin soja. Amma da aka buɗe dutsen a 1948, George Pirie ɗaya aka gani. Jessie, matar Dod Kaguwa, ta ɗora hannu a kan layin sunan ta ce a fili, "Ga Dod ɗina." Meg, matar Dod Fitila, tana tsaye a bayanta. Daga wannan rana ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Kowa a gari ya san mutum biyu ne. Ko ƙaramin yaro ya sani. To me ya hana a gyara? Girman kai irin namu, ba wani abu ba. Duk gidan da ya fara kai ƙara cewa an manta da nasa, ya yarda ke nan cewa sunan da ke jikin dutsen na ɗaya gidan ne. Don haka kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Shekara sittin da uku, in aka kira George Pirie, gida biyu ne ke amsawa lokaci guda, kowa na neman danne muryar ɗan uwansa. Na taɓa ganin an ture furannin wani da ƙafa, da wayo, fasto na tsaye yana addu'a. Abin yakan ba ni haushi har in ji kunnuwana sun yi zafi.

A shekarar 2011 gishirin teku ya gama cin haruffan, kwamitin dutse ya yanke a sa sabon allo, a sake sassaƙa sunayen gaba ɗaya. Aka ɗauko wata mai sassaƙar dutse daga Aberdeen, Kirsty Rennie, mace gajeriya mai damtse, ta ce kafin ƙarshen Oktoba take son jerin sunayen, in kuma ta sa guduma, magana ta ƙare.

A makon nan ne Elspet Fitila ta aiko in zo. Ita ce 'yar Dod Fitila, tana da shekara takwas ubanta ya mutu, yanzu tana da saba'in da takwas. Ƙanwar surukata ce, don haka Goggo nake ce mata. Na same ta a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafa da bargo. Mace ce da in ta kira kyanwarta daga ƙofa sai a ji a tashar jirage, amma ran nan sai da na matso da kujera kafin na ji ta.

"Zuba wa kanki shayi, ni ba zan tashi ba," in ji ta. "Likita ya ce ba zan ga bazara ba. Kada ki yi mini wannan fuskar, ba kuka na kira ki ba."

"Wa ya ce kuka zan yi? Shayin ne ba sukari."

"Ƙarya kike, cokali uku kika zuba, ina kallo." Ta juya ta dubi tudun ta taga. "Ishbel, tun ina da shekara goma sha biyar nake amsa sunan babana, ban taɓa jin muryata ba. Kullum da wani ɗan Kaguwa yana haushi a kaina. Sau ɗaya nake so, sau ɗaya tak, a kira shi shi kaɗai, in amsa ni kaɗai. Daga nan sai su sa ni a rami."

"To ki rubuta wa kwamiti mana, Goggo."

Ta harare ni. "In rubuta? In ce wa Wattie Kaguwa ubansa ne a dutse, nawa aka manta? Ki ce in tube a tsakiyar coci mana. Ban ce miki komai ba, kin ji? Shayi kika zo sha."

Na fito raina a jagule. Na tausaya mata, na kuma ji kamar in girgiza ta. Amma kafin in kai ƙasan layi na gane abin da take nufi. Ba Kaguwa ba ce ni, ba kuma Fitila ba. In Buta ta kai ƙara, babu gidan da ya sunkuya.

Na fara da cocin. Fastonmu yaro ne mai haƙuri, shekararsa biyu a garin, har yanzu yana rikita Sarki da Ƙugiya. Ya ba ni mabuɗin ɗakin ajiya, na yi wuni biyu ina atishawa a cikin akwatunan takardu. A rana ta biyu da yamma na same ta: takardar sunayen da aka ba mai sassaƙa a 1948, bugun tafireta. George Pirie, ga shi. A ƙarƙashinsa kuma George Pirie, matsayi ɗaya, jirgi ɗaya, rana ɗaya. An ja jan layi a kan na ƙasan, an rubuta a gefe da kyakkyawan hannu: "An buga sau biyu." Rubutun hedimastan wancan zamani ne, baƙo daga kudu, watansa huɗu a gari. Bawan Allah ya ɗauka gyara ya yi.

Na sa takardar a jakar wasiƙuna ta dā, na nufi wajen Wattie.

Wattie Kaguwa ɗan Dod Kaguwa ne, yana da shekara uku ubansa ya mutu. Shi ne shugaban kwamitin dutse, shi ne kuma kyaftin mafi tsufa, wato shi ke karanta sunayen. Shekara goma sha ɗaya yana kiran George Pirie da bakinsa, yana kuma amsawa da bakinsa kafin Elspet ta ja numfashi. Na same shi a rumfarsa yana ɗinkin kwandon kama kaguwa.

"A'a, Buta! Ba kin yi ritaya ba? Ko tsegumin ne bai ƙare ba?"

"Wasiƙa ɗaya ta rage ban kai ba. Ta yi latti da shekara sittin da uku. Riƙe."

Ya goge hannu a wando, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya buga yatsa a kai.

"To, ai ga shi. Na ƙasa aka soke. Na sama shi ne babana."

"Ina aka rubuta haka?"

"Ba sai an rubuta ba. Babana ya girmi wancan da wata biyu."

"Hedimastan da bai san mutum biyu ba ne, shi ne ya san wa ya girmi wa? Haba Wattie, da furfurarka."

"Elspet ce ta turo ki."

"Elspet ko kofin shayi ba ta iya turawa yanzu. Ni na turo kaina. Na gaji da jin kunya duk Nuwamba, manya da ku kuna ihu a kan matattu kamar masu gwanjon kifi."

Ya cire tabarau. "Ki saurare ni. Ni ban san fuskar babana ba sai a hoto. Ba ni da kabarinsa, ba ni da hularsa. Layin nan ɗaya nake da shi, da takardar wayar da aka aiko da labarin mutuwarsa, wadda ke rataye a falona. Uwata ta ɗora hannu a kan layin nan ta ce nata ne. Yanzu ki ce in sa hannu a ce ƙila ba nata ba ne?"

Gaskiya ya taɓa ni, don ban taɓa jin Wattie ya yi magana haka ba. Amma da ya ambaci takardar waya, sai na ga ƙofa ta buɗe. Akwai abin da babana ya gaya mini sau ɗaya, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ka san wa ya kai wa uwarka takardar nan?"

"Jimmy Buta, babanki. Kowa ya sani."

"Ka san yadda ya kai ta?"

Ya girgiza kai.

Babana gurgu ne, shi ya sa yaƙi ya bar shi da jakar wasiƙu. Ran nan takardun waya biyu suka zo tare, kowacce an rubuta mata matar George Pirie, Portgarvie, ba inkiya, ba lambar gida. Kalmomin ciki iri ɗaya. Ya zo ya tsaya a tsakiyar lungu, ƙofa a dama, ƙofa a hagu, ya rasa wacce zai fara bugawa, ya kuma rasa wacce takarda ce ta wa. Matan suka hango shi ta taga suka fito tare.

"Uwarka ce ta yi magana," na ce wa Wattie. "Ta ce, 'Ba ni ko wacce, Jimmy, duk ɗaya ne.' Ya miƙa musu, ɗaya a kowane hannu. Ba su ma buɗe ba, suka rungume juna a nan tsakiyar lungu, kai kana riƙe da zanen uwarka, Elspet na riƙe da hannunka. Don haka takardar da ke falonka, Allah kaɗai ya san ko ta Fitila ce."

Ya juya mini baya, ya ɗauki kwandonsa, ya yi ta ja da zare ba ya ɗinka komai. Na ɗauka zai kore ni. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ko na yarda a sa biyu, wa zai hau sama?"

"Yanzu ka zo gari."

"Ba wasa nake ba. Ba za a sa babana a ƙarƙashin Fitila ba."

Da na koma wa Elspet, abin da ta ce ke nan ita ma, kalma da kalma, sai dai ta juya sunan. Na ce a jera su gefe da gefe, Kirsty ta ce allon ba shi da faɗi, kuma ko da yana da shi, wa zai zauna a hagu? Fasto ya ce a bi haruffan inkiya, Wattie ya ce ai wannan Fitila aka bai wa sama da wayo, tunda F ta riga K. Na ce a bi shekaru, Elspet ta ce wata biyu ba girma ba ne. Kwana huɗu suka rage kafin Kirsty ta fara aiki. Na zauna a kicin ina zagin Pirie duka, har da kaina da mijina da ke kabari.

Washegari da safe na gangara tashar jirage sayen kifi. Jirage uku ne kawai suka rage mana yanzu, ɗaya ya shigo, ma'aikatansa na raba kifin miya, wanda kowa ke kai wa gida. Sun tsiba shi kashi huɗu a kan dakali. Ɗayansu ya juya baya yana kallon teku, wani ya nuna kashi da ƙafa ya ce, "Na wa?" Wanda ya juya bayan ya kira suna. Ya nuna wani, "Na wa?" Haka har suka gama, kowa ya kwashi nasa ba ƙorafi. Na gani sau dubu, tun ina goye nake gani. Amma ran nan na tsaya baki buɗe har mai kifin ya ce, "Ishbel, saye za ki yi ko hoto?"

Rabon baya muke kiran wannan, kuma ba a jayayya da shi a Portgarvie. Wattie da kansa ya taɓa sauke ɗan ƙanwarsa daga jirgi, har kakar kamun kifi guda, don ya yi gunaguni a kan kashin da aka kira masa. Har yau yana ba da labarin da alfahari.

Ban je rumfarsa ba. Na jira shi a kantin burodi, inda mata shida ke layi, na ɗaga murya.

"Wattie, rabon baya doka ne ko wasan yara?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Doka ne mana."

"Ko a kan me?"

"Ko a kan me. Wanda ya ƙi rabon baya ba masunci ba ne."

"Madalla, kun dai ji shi. Gobe ƙarfe goma a gindin dutse. Kashi biyu ne, sama da ƙasa."

Ya dube ni, ya dubi matan, matan suka dube shi. "Ke dai, Buta," in ji shi, "da uwarki ta san abin da za ta haifa, da ta sayi kare." Ya ɗauki burodinsa ya fita, ya manta da canjinsa.

Elspet dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. "Babana ya yi rabon baya duk ranar duniya," ta ce. "In ya faɗo ƙasa, ya faɗo. Amma wa zai juya baya? Duk garin nan babu wanda ba shi da jini a ɗaya daga gidajen biyu."

"Kirsty Rennie. Ko kaza ba ta da ita a Portgarvie."

Na ce kada a yayata, don haka rabin gari ya zo. Jikar Elspet ta turo ta a kujera mai taya, an naɗe ta kamar jaririya. Sabon allon na kwance a kan katako, baƙi sumul, Kirsty ta ja layi biyu da alli a inda George zai zauna. Na yi mata bayani sau biyu.

"Wato in juya baya, in an tambaye ni in faɗi ɗaya daga ciki? Kaguwa ko Fitila?" ta ce. "Shi ke nan? Kuma shekara sittin ba wanda ya yi tunanin wannan?"

"'Yar nan, juya kawai."

Wattie ya ce shi zai nuna, ba wanda ya hana shi. Kirsty ta juya tana kallon teku, ta toshe gefen idanunta da tafin hannu. Wattie ya tsaya a gaban allon. Bai nuna da ƙafa ba, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗora yatsa a layin sama.

"Na wa?"

Ko tari babu mai yi.

"Fitila," in ji Kirsty.

Na ga wuyan Wattie ya yi ja. 'Yan gidan Kaguwa suka fara motsi, wata ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya kalle ta ba. Ya sauke yatsansa zuwa layin ƙasa, ya tambaya da murya ɗaya da ta farko, don haka doka ta ce.

"Na wa?"

"Kaguwa."

"An raba," in ji Wattie. Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Sai ya juya wajen Kirsty. "Yarinya, tunda abin ya zama haka, ki sa inkiya. Ba su biyu kawai ba, duka ashirin da bakwai. Kada wani hedimasta ya sake zuwa ya yi mana gyara."

Fasto ya ɗan yi gyaran murya. "Kyaftin, Kaguwa da Buta a jikin dutsen tunawa? Anya ya dace?"

"Fasto, da sunan nan suka rayu, da shi aka kira su a jirgi. In Allah zai tashe su ya ce George Pirie, mutum nawa za su miƙe?"

Kwana goma sha biyu ana jin gudumar Kirsty daga rumfar da aka ba ta. Ni kuwa kullum ina gidan Elspet, don jikinta ya soma ja da baya da sauri. Ta daina cin komai sai romon kifi, cokali uku. Ranar Alhamis likita ya ce kada a fitar da ita ko ƙofa. Ta jira ya fita ta ce wa jikarta, "Goge mini baƙar rigata. In na mutu a hanya, ku ƙarasa da ni tudun, ku jingine ni."

Lahadin ta zo da sanyi mai shiga ƙashi, amma sama tas, teku kwance. Ban taɓa ganin taro irin na ran nan ba. Pirie na Aberdeen sun zo, na Glasgow sun zo, har da wasu biyu daga Kanada da suka ji labari. Aka yaye ƙyallen da ya rufe allon, mutane suka yi ta turereniya, kowa na neman gidansu. Ga Ƙugiya, ga Sarki, ga Buta guda biyu, ƙannen kakana da ban taɓa gani ba. Na karanta sunayensu sau biyu.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka yi shiru. Bayan minti biyu Wattie ya fito da hularsa ta kyaftin da takarda a hannu, ko da yake ya haddace. Ya fara kira, wannan karon kowa da inkiyarsa.

"Alexander Pirie, Ƙugiya."

"Namu ne."

"Alexander Pirie, Sarki."

"Namu ne."

Amsoshin na fitowa da ƙarfi fiye da kowace shekara. Ni idona na kan Elspet. Idanunta a rufe, kanta ya langaɓe, na fara tsoron ko ma ba ta ji. Wattie ya zo kan layin, ya dakata. Ya juya ya yi wa 'yan gidansu wani kallo, irin wanda yake yi wa sabon ma'aikaci a jirgi. Sannan ya ɗaga murya yadda ko a tashar jirage za a ji.

"George Pirie, Fitila."

Elspet ta buɗe ido. Ta kama hannun kujera ta fara yunƙuri. Jikarta ta so ta hana ta, na ce, "Bar ta." Muka riƙe ta ta hammata, ni a dama, yarinyar a hagu, ba ta fi nauyin jakar wasiƙu ba. Ta miƙe tsaye. Wattie bai ci gaba ba, ya jira, gari duka ya jira. Ta ja numfashi sau biyu.

"Namu ne."

Muryar ƙarama ce, a shaƙe, amma babu wanda bai ji ta ba, don babu wata murya a kanta. Ta juyo ta dube ni, fuskarta kamar ta yarinya. "Na ji kaina, Ishbel," ta ce a hankali. Ni da na rantse ba zan yi kuka ba, sai ga shi ina share hanci da safar hannu.

Wattie ya koma kan takardarsa.

"George Pirie, Kaguwa."

Shi ne babba a gidan, shi ya kamata ya fara amsawa, 'ya'yansa da jikokinsa na jiran bakinsa. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Shekara goma sha ɗaya yana rige-rigen amsa sunan nan, yau da ya zama na ubansa shi kaɗai, ba tantama, sai muryar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya kasa.

Na ji Elspet ta ƙanƙame hannuna. Ba ta zauna ba ashe. Ban san inda ta samo ƙarfin ba, amma tsohuwar muryar nan ce ta fito, wadda ke kiran kyanwa a ji a tashar jirage.

"Namu ne!"

Wattie ya ɗago ya dube ta. Sai 'yan Fitila suka amsa, 'yan Kaguwa suka amsa, mu Buta muka amsa, Sarki da Ƙugiya da na Kanada, har fasto da Kirsty Rennie da ba ta da ko kaza a garin. Tsuntsayen da ke kan rufin coci suka tashi gaba ɗaya.

Wattie ya cire hularsa, ya share fuska da ita, ya mayar. "To, ya isa," in ji shi. "Ku zaunar da matar nan kafin ta faɗi, da sauran mutum goma sha tara."

"Ba zan zauna ba," in ji Elspet. "Karanta, Wattie. Kana ta ja kamar mai jawo angar jirgi daga ƙasan teku."

A tsaye ta ji sauran sunayen har na ƙarshe.